Bassman 5F6-A da JTM45: in zanensu ɗaya ne, me ya raba muryarsu?

Mai Jita:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu masu harkar amfilifayar jita ta bawul, wato mai aiki da kwalaben lantarki masu ƙara ƙarfin sauti. Na daɗe ina tara kaya don in haɗa tawa da hannuna, kuma na tsaya tsakanin guda biyu, Fender Bassman samfurin 5F6-A da Marshall JTM45. Na shimfiɗa zanen wayoyinsu gefe da gefe ina bi da yatsa, rezista bayan rezista, sai na ga kamar abu ɗaya aka zana sau biyu. Kowacce ramukan jita huɗu, maɓallan murɗawa shida, ƙananan bawul uku, manya biyu, da raktifaya GZ34, bawul ɗin da ke miƙar da wutar bango. Amma duk makaɗin da ya taɓa su biyun zai rantse maka muryarsu ba ɗaya ba ce. To a ina bambancin ya ɓuya? Akwatin sifikar da nake da shi mai inci 12 ne guda biyu, om 8, bayansa a rufe. Wacce ya kamata in haɗa?

Ɗan Dandali:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, amsar gajera ce: KT66. Bassman tana aiki da 5881 na Amurka, JTM45 kuma da KT66 na Ingila. Wannan ƙatuwar kwalbar ita ke ba Marshall kaurin nan da gurnanin da kake ji. Sa KT66 ka huta.

Baba Mai Bawul:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yaro, idonka bai yaudare ka ba. Ba a ɓoye yake ba cewa JTM45 daga Bassman aka kwafo ta. Jim Marshall yana da shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta Landan, makaɗa na zuwa suna kukan cewa amfilifayar Fender da ake shigowa da ita daga Amurka ta yi tsada. A 1962 shi da Ken Bran da Dudley Craven suka ɗauki Bassman suka bi ta, suka haɗa tasu da kayan da hannunsu ya kai gare su a Ingila. Ita kuwa 5F6-A Leo Fender ya fitar da ita a Fullerton ta jihar Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1950, kuma asali don masu jitar bes aka yi layin Bassman, masu jita mai tsirkiya shida ne suka ƙwace ta.

Sai dai kama da wane ba ta wane.

Ɗan Dandali, ka yi haƙuri, zancen KT66 bai ɗauki nauyin da ka ɗora masa ba. JTM45 na farko-farko da 5881 suka fito, bawul ɗin da ke cikin Bassman. Daga baya aka koma KT66. In da kwalbar ce kaɗai ke raba su, da waɗancan na farkon sun yi murya sak irin ta Fender, kuma ba haka aka ji su ba.

Ɗan Dandali:
Baba, na yarda da tarihin, amma kunnena fa? Na kaɗa JTM45 da 5881, na kaɗa ta da KT66, kuma na ji bambanci. Ba mafarki na yi ba.

Baba Mai Bawul:
Ban ce ba ka ji ba. Cewa na yi ba shi ne babba ba. Za mu zo kansa.

Injiniya:
Bari in fara daga bakin ƙofa, inda sautin jita ke shiga. Bawul na farko a Bassman 12AY7 ne. A JTM45 kuwa ECC83 ne, wanda Amurkawa ke kira 12AX7. Ƙafafunsu iri ɗaya ne, soket ɗaya suke shiga, amma ƙarfin ninka sautinsu ya sha bamban. A takardar masana'anta 12AX7 yana da 100, 12AY7 kuma tsakanin 40 da 44. A cikin wannan haɗin, da rezista 100k, wato om 100,000, a kan farantin bawul inda sauti ke fita, 12AX7 zai ninka sauti wajen sau 60, 12AY7 wajen sau 30. Ninki biyu ke nan tun daga mataki na farko.

Abin da hakan ke haifarwa ya wuce ƙarar murya kawai. Bawul na biyu a duka amfilifayoyin yana da rabi biyu da aka haɗa kai tsaye ba kwandansa a tsakani, rabin farko yana ƙara ƙarfi, rabin na biyu yana fitar da sautin ta katod ya tura shi cikin maɓallan Treble da Middle da Bass. Wannan wurin in ka matsa masa lamba yana danne saman sauti ta wata hanya mai laushi, kuma da yawan zaƙin da mutane ke so a waɗannan amfilifayoyi daga nan yake fitowa. Da 12AX7 a gaba, za ka isa wannan wurin tun maɓallin ƙara bai yi nisa ba. Da 12AY7 sai ka murɗa sosai kafin ya fara dishewa, kuma kafin nan manyan bawul sun fara nasu aikin.

Shi ya sa nake cewa mai son gane bambancin ya fara da wannan, don ba ya bukatar ƙarfen dalma. Kashe, bari ya huce, zare wannan, cusa wancan.

Mai Jita:
Malam Injiniya, ke nan in na sa 12AX7 a Bassman ta zama Marshall?

Injiniya:
Ta matso, ba ta zama ba. Ka lura ma, da Fender suka sake fitar da Bassman a 1990, 12AX7 suka sa a ramin farko, kuma ba wanda ya ce ta koma JTM45.

Ɗalibar Lantarki:
Sallama ga kowa. Malamai, ku ba ni dama in sa baki, don akwai abin da Yaya Mai Jita ba zai gani ba in ƙimar rezistoci kawai yake bi. A duka zanen akwai waya da ke ɗauko ɗan sauti daga bayan taransifomar fita, wadda ke miƙa sauti ga sifika, ta bi ta rezista 27k, ta dawo da shi wurin bawul na uku, mai raba sauti gida biyu don manyan bawul. Ana dawo da shi ne a juye, don ya rage ƙarfi ya kuma gyara karkata. Shi ake kira fidbak. Rezistar 27k ce a nan, 27k ce a can, sai mutum ya ce ai ɗaya ne.

Amma ku dubi inda wayar ta fito. Bassman sifiku huɗu gare ta masu om 8, an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, jimilla om 2, kuma taransifomarta om 2 kaɗai take fitarwa. A JTM45 daga layin om 16 aka ɗauko. In amfilifaya tana ba da wat 30, layin om 2 yana ɗauke da bolt kusan 7.7, layin om 16 kuma kusan bolt 22. Wato ninki 2.8. Rezista ɗaya, amma abin da ake turawa ta cikinta a Marshall ya kusa ninka na Fender sau uku.

Ni a ganina wannan ne bambanci mafi girma a cikin shasin kansa, wato jikin da aka ɗaura kayan lantarkin a kai.

Baba Mai Bawul:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Nan nake so a zo.

Mai Jita:
Na ga lissafin, Malama, amma a kunne yaya yake? Me makaɗi zai ji a yatsunsa?

Ɗalibar Lantarki:
Fidbak mai yawa yana sa amfilifaya ta riƙe sifika da ƙarfi. In ka bugi tsirkiya mai kauri, takardar sifikar za ta motsa ta tsaya inda aka ce ta tsaya, ba ta ci gaba da lilo ba. Sautin yana zama a tsaftace har zuwa wani wuri, sannan ya fashe kusan lokaci guda, domin da zarar manyan bawul sun kai iyakarsu fidbak ɗin ba shi da sauran abin gyarawa da shi. Mai ƙarancin fidbak kuwa tun da wuri take fara canza launi a hankali, kana ƙara ƙarfin bugu tana ƙara dishewa, ba wani tsani da za ka ce a nan ta fashe. Kuma tana barin halin sifika ya fito fili.

Sai maɓallin Presence. Shi ba kamar Treble yake ba. A cikin hanyar fidbak yake zaune, fot ne 5k, wato rezista mai murɗawa, da kwandansa mai maikrofarad 0.1, aikinsa ya zubar da siririn sauti daga abin da ake mayarwa baya, sai siririn ya tsira daga ragewa ya fito da ƙarfi. Tunda abin da ake mayarwa ya fi yawa a JTM45, maɓallin ya fi cizo a can. A Bassman kana murɗa shi yana aiki, amma a hankali.

Injiniya:
Daidai ne. Ƙari ɗaya: 2.8 ɗin nan a kan wat iri ɗaya aka lissafa shi. Gaban taransifomar ma ba ɗaya ba ne. Ta Bassman wajen om 4,000 take nuna wa manyan bawul. JTM45 ta farko taransifomar Radiospares aka sa mata, wajen 6,600, daga baya ta Drake mai 8,000. Bawul irin waɗannan in ka ƙara musu nauyin da suke turawa, ninkinsu na ƙaruwa, don haka ainihin fidbak ɗin da ke zagayawa zai iya ɗara lissafin Malama kaɗan. Wannan nauyin kuma shi ne ɗaya daga dalilan da suka sa JTM45 ba ta kai wat 45 da sunanta ke nunawa. In ka auna ta a tsaftace, wajen 30 zuwa 35 za ka samu. Bassman ta fi ta ɗan ƙarfi.

Ɗan Dandali:
To kun ga ai kun dawo kan maganata ta ƙofar baya. Me ya sa aka ƙara nauyin taransifoma? Ba don ya dace da KT66 ba? Bawul da taransifoma tare suke tafiya. In kun ce taransifoma na da tasiri, kun ce KT66 na da tasiri.

Baba Mai Bawul:
A nan ka faɗi abin da ke da tushe. KT66 yana jin daɗin nauyi mai yawa, gaskiya ne. Shi da 6L6 'yan gida ɗaya ne: RCA ta fitar da 6L6 a 1936, Marconi-Osram suka fitar da KT66 a shekarar da ta biyo, 5881 kuma 6L6 ne da aka ƙarfafa jikinsa don aikin wahala. Ƙafafu iri ɗaya, tsarin ciki mai kama da juna. Abin da na ƙi shi ne mutum ya zare 5881 ya cusa KT66 ya ce duk abin da ya ji daga kwalbar ne. Ka sake saita bayas, wato yawan wutar da bawul ke ja in amfilifaya tana zaune shiru, bayan ka canza? In ba ka saita ba, wataƙila ɗaya yana aiki da zafi ɗaya da sanyi, kuma wannan kaɗai ya isa ya canza murya. Ka daidaita ƙarar kafin ka kwatanta? Kunnen ɗan Adam duk wanda ya fi ƙara kaɗan shi yake cewa ya fi daɗi.

Na sha gwada wannan a kan teburina da rezistar gwaji a madadin sifika da na'urar duba igiyar sauti. In an saita su daidai, kafin su kai iyaka da ƙyar za ka raba zanen da suke yi. Sai an tura su sun fara yanke kai sannan kowa ke nuna halinsa. A can KT66 yana da nasa, ban musa ba.

Ɗan Dandali:
Ai ni a can nake zama, Baba. Ba na kaɗa amfilifaya a tsaftace. In ban kai maɓallin ƙara wajen 7 ko 8 ba, ban fara ba.

Baba Mai Bawul:
To kai kana da hakkin ka damu da shi fiye da wasu. Amma ko kai, in na canza maka akwatin sifika za ka fi jin bambanci a kan in canza maka kwalba.

Mai Ɗaukar Sauti:
Alhamdu lillahi, an zo wurina. Tun ɗazu nake karanta ku kuna ta rezista da bolt, alhali abin da makirfo ke fuskanta takarda ce ke kaɗa iska.

Bassman akwati ɗaya ce da komai a ciki: sifikun Jensen huɗu masu inci 10, katakon jikinta mara nauyi, allon da aka ɗaura sifikun a kai siriri ne yana rawa tare da su, bayanta kuma a buɗe. JTM45 kai ne daban da ake ɗorawa a kan akwati, kuma akwatin da aka san ta da shi mai Celestion huɗu ne masu inci 12, bayansa a toshe. Dalilin huɗun ma ba ado ba ne, sifikun Celestion na lokacin wat 15 kowacce ke ɗauka, biyu ba su isa ba.

Ku tsaya a bayan Bassman ana kaɗa ta. Za ku ji sauti kusan kamar na gaba, domin takardar sifika gaba da baya take turawa. Wanda ya fita ta baya a juye yake, in ya zagayo ya haɗu da na gaba sai su cinye juna a wurin sauti mai kauri sosai. Shi ya sa Bassman ba ta dukan ƙirji, amma tana cika ɗaki, sautin na zuwa maka daga bango da rufi. Takardar inci 10 kuma ba ta da nauyi, tana amsa bugun tsirkiya nan take, kana jin ƙarar farcen mutum a kan waya.

Akwatin da aka toshe iskar cikinsa a kulle take, tana tokare takardar daga baya. Sautin gaba kawai yake fita, a dunƙule. In kana tsaye daidai saitinsa zai huda maka kunne, in ka matsa gefe taku biyu sai siririn ya ragu. Dukan nan da ake ji a ciki in an danne tsirkiya da gefen hannu, daga nan yake. Ga kuma Celestion da nata halin na turo tsakiyar murya gaba.

Na taɓa ɗaukar kan JTM45 na haɗa shi da akwati mai buɗaɗɗen baya da sifiku masu inci 10, na kunna wa makaɗa abin da na ɗauka ba tare da na faɗa musu ba. Yawancinsu Fender suka ce.

Mai Jita:
Wannan ya sa jikina ya yi sanyi, Yaya. Ke nan da akwatina mai rufaffen baya, ko na haɗa Bassman ba zan ji Bassman ba?

Mai Ɗaukar Sauti:
Za ka ji rabinta. In allon bayan da sukurori aka ɗaure shi, kwance shi ka saurara, ba ka yi asarar komai ba. Wasu suna yanka allon gida uku su cire na tsakiya. Ba zai mayar da inci 12 ya zama 10 ba, amma iskar za ta buɗe.

Mai Jita:
Akwai abokina mai tsohuwar Bassman. In na je da akwatina na haɗa da tasa don in ji fa?

Injiniya:
Kada ka yi! Tasa om 2 take nema, naka om 8 ne, ninki huɗu ke nan. Amfilifayar bawul ta fi tsoron nauyin da ya wuce ƙima a kan wanda ya gaza. In om ɗin sifika ya yi yawa, ko babu sifika sam, wutar da ke cikin taransifomar fita ba ta da inda za ta, sai ta yi tsalle ta koma baya da bolt mai yawan gaske, ta huda rufin wayoyin taransifomar ko ta ƙona soket. Tsohuwar taransifoma irin wannan in ta tafi, ba a samun irinta cikin sauƙi. Kuma ko a taka, kada ka taɓa kunna ta ba sifika a jone.

Baba Mai Bawul:
Tunda an zo kan gargaɗi, bari in ƙara nawa, don na ga kai sabon hannu ne. A cikin waɗannan amfilifayoyi akwai bolt sama da 400. Zanen Bassman kansa 432 ya rubuta. Manyan kwandansa suna riƙe wannan wutar ko bayan ka zare filogi daga bango. Kafin hannunka ya shiga shasi, ka sauke su ta rezista, ba da sukundireba ba, sannan ka auna da mita ka ga sifili da idonka. In dole ka auna tana kunne, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a aljihu. Ba na son in ji labari mara daɗi a wannan zaure.

Ɗalibar Lantarki:
Baba, ina da tambaya ni ma. Na karanta cewa shasin JTM45 na farko na alminiyom ne, na Fender kuma ƙarfe. Wasu suna cewa yana canza murya tunda maganaɗisu ba ya bin alminiyom. Gaskiya ne?

Baba Mai Bawul:
Na alminiyom ne, gaskiya. Yana iya shafar yadda gurnanin taransifomar wuta ke yawo ya shiga ta fita. Amma a ce wani ya rufe ido ya gane shasi da kunne, ni ban gamu da shi ba. Abin da ya fi damuna a jikin su biyun shi ne zaman bawul. A Bassman shasin a rataye yake, kwalaben kansu a ƙasa, zafinsu yana hawa ya shiga cikin kayan. A kan Marshall a tsaye suke, zafi yana tashi ya bar shasin. Wannan batun tsawon rai ne, ba na murya ba.

Kuma mai son cusa KT66 a Bassman ya sani: hitar 5881 amfiya 0.9 take ja, ta KT66 wajen 1.3. Guda biyu, ƙarin 0.8 ke nan a wuyan taransifomar wuta. Ga kwalbar ƙatuwa ce, mai riƙe ta na asali ba lallai ya kama gindinta ba, ita kuwa a rataye.

Ɗan Dandali:
Bari in kawo wani abu da ba a taɓo ba. Mutane da yawa in sun ce suna son muryar Marshall, ba JTM45 suke nufi ba, ba su sani ba ne kawai. Wanda suke ji a kai shi ne na bayan 1966, lokacin da aka koma EL34, aka cire raktifayar bawul aka sa dayod, daga baya aka raba katod ɗin bawul na farko aka sa ƙaramar kwandansa a tashar mai haske, wato ramukan jita masu siririn sauti, don a rage kauri. Wancan shi ne mai cizo da kaifi. JTM45 mai laushi ce, mai kauri, in ka cika mata Bass sai ta yi ta kumbura kamar za ta shaƙe. Ni in na ɗaga ƙara, Bass ɗina ba ya wuce 2. Mai Jita, ka tabbata ita kake so.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne, kuma gadonta ne daga Bassman. Rabi biyun bawul na farko katod ɗaya suke rabawa, rezista om 820 da kwandansa mai maikrofarad 250. Kwandansa mai girman nan tana barin duk wani sauti mai kauri ya wuce, har wanda jita ba ta da shi. Ga amfilifayar da aka zana don bes, daidai ne. A Bassman 12AY7 da buɗaɗɗen baya suna rage yawan kaurin. A JTM45 an ninka ƙarfin an kuma toshe akwati, sai kaurin ya taru. Marshall sun ɗan rama da ƙaramar kwandansa a kan rezista 270k ta tashar mai haske, wadda ke barin siririn sauti ya tsallake. Mai Jita, duba zanenka da kyau, za ka gan ta a na Marshall, babu ita a na Fender.

Mai Jita:
Na gan ta! Wallahi na wuce ta ban lura ba. Ita JTM45 ɗin nake so, Yaya Ɗan Dandali, mai laushin, irin wadda Eric Clapton ya yi aiki da ita tare da John Mayall a 1966. Amma muryar Buddy Guy a kan Bassman ma tana hana ni barci. Shi ya sa na kasa zaɓa.

Mai Ɗaukar Sauti:
Ka lura, ta Clapton ɗin ma ba kai da akwati huɗu ba ce. Haɗaɗɗiya ce mai sifiku biyu masu inci 12, bayanta ba a toshe yake duka ba. Akwatinka in ka buɗe bayansa ya fi kusa da ita a kan yadda kake zato.

Ɗalibar Lantarki:
To Yaya, me zai hana ka haɗa guda ɗaya mai fuska biyu? Tunda akwatinka om 8 ne, sayi taransifomar fita mai layin 4 da 8 da 16. Ka ɗauko fidbak daga layin 16 kamar Marshall, ka sa ƙaramin makunni mai zaɓar rezista biyu. 27k zai ba ka na JTM45. Don ka sami kwatankwacin na Bassman daga wannan layin, wajen 82k kake bukata. Lissafin: 27k da 5k na Presence sun zama 32k, ka ninka da 2.8 ka sami kusan 90k, ka cire 5k ɗin, sai ka ɗauki rezistar da ta fi kusa. In taransifomarka ba ta da layin 16, daga layin 8 ka sa 18k don Marshall, 56k don Fender. Sannan ka ajiye 12AY7 da 12AX7 duka a kusa.

Ɗan Dandali:
Kuma ka sayi taransifomar wuta mai hitar da za ta ɗauki KT66, ko da da 5881 za ka fara. Wata rana za ka so ka gwada, kuma in ka gwada a ƙarar da ta dace za ka dawo ka ba ni labari.

Baba Mai Bawul:
Wannan shawara ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Ka kuma sa fot na saita bayas, don asalin 5F6-A ba ta da shi, rezista ce kafaffiya mai ba da wajen bolt 48 a ƙasan sifili. Bawul na yanzu ba su zo daidai da na da ba, kowane biyu da nasu hali. 5881 wat 23 farantinsa ke ɗauka, KT66 wat 25. Masu gyara ba sa son wuce kashi 70 cikin 100 na wannan in amfilifaya tana zaune shiru. A kan bolt 430, wajen miliamfiya 37 ke nan ga 5881, 40 ga KT66. Sa rezista om 1 a katod ɗin kowanne, sai ka karanta milibolt a mita, adadin da ka gani shi ne miliamfiyarka.

Mai Jita:
Na rubuta duka. Gaban taransifomar fa, 4,000 ko 6,600?

Injiniya:
Wannan kam makunni ba zai raba maka ba, sai ka zaɓa. Tunda zuciyarka ta fi karkata ga JTM45 kuma akwatinka inci 12 ne, ɗauki 6,600. 5881 zai yi aiki lafiya a kai, ai da shi aka fara, KT66 ma haka. Za ka rasa ɗan ƙarfi kaɗan, wanda a ɗaki ba za ka nema ba. Raktifaya ka bar ta GZ34 kamar yadda duka biyun suke. Kada wani ya ce ka sa 5U4 don ƙarin laushi ba tare da ka duba ba, hitarta amfiya 3 take ja, ta GZ34 kuwa 1.9.

Mai Jita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: makunnin fidbak ɗin, zan iya juya shi amfilifaya tana kunne?

Ɗalibar Lantarki:
Za ka iya in ka haɗa shi da dabara. Bar 82k a jone koyaushe, makunnin ya riƙa ɗora 39k a kafaɗarta. Su biyun tare suna ba da kusan 27k, kuma hanyar ba ta taɓa yankewa ko da kana tsakiyar juyawa. Wayoyin su zama gajeru, ka nisanta su daga ramukan jita.

Baba Mai Bawul:
Ranar da za ka fara kunna ta, ka jona ta ta kwan fitila mai zare a layin wuta, in akwai gajeren haɗi kwan zai haska ya tsare maka taransifoma. Sifika a jone, duk maɓallan ƙara a ƙasa, yatsanka a kan makunni. In bawul sun ɗumama ka ji ta kurma ihu ko tana bugawa kamar injin babur, kashe nan take, ba lalacewa ta yi ba. Fidbak ɗin ne ya dawo a miƙe maimakon a juye, kuma da 27k a layin 16 ihun ba kaɗan ba ne. Sauke kwandansa, auna, sannan ka musanya wayoyi biyun taransifomar fita da ke zuwa ƙafa ta 3 ta manyan soket, na wannan ya koma can, na can ya dawo nan. Sai ka sake kunnawa ka turo mana bolt ɗin da ka samu a kowane faranti mu duba tare.